Yadda Ake Jera Jimloli a Sakin Layin Labari

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni malamar Hausa ce a wata ƙaramar sakandare, shekarata biyu da fara koyarwa. Idan na ba ɗalibaina insha'in labari, sai in tarar kowace jimla lafiyarta lau idan an ɗauke ta ita kaɗai, amma da zarar an karanta sakin layin gaba ɗaya sai a rasa kansa da gindinsa. Nakan ce musu su fara daga farko su bi har ƙarshe, amma abin bai canza ba. Shin akwai ƙa'idar jera jimloli da zan koya musu, ko kuwa baiwa ce kawai?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara basira. Babu musu akwai baiwa a harkar ba da labari, amma abin da kike tambaya a kansa koyonsa ake yi, kuma mafi yawan kayan aikinsa suna nan cikin nahawun da kike koyar da su a sauran ranakun mako. Umarnin da kike ba su na su fara daga farko gaskiya ne, sai dai bai wadatar ba, domin yaron da ya hargitsa labarinsa a ganinsa ai daga farkon ya fara.

Shekarun baya, lokacin da nake koyarwa a wata makarantar kwana, na ba 'yan aji uku insha'i a kan tafiyar da ba za su manta da ita ba. Wani yaro mai ƙoƙari ya kawo mini sakin layi kamar haka: "Muka kwana biyu a asibiti. Motar ta ƙwace daga hannunsa ta faɗa rami. Mun tashi tun da asuba za mu ƙauye yawon Salla. Hannun ƙanwata ya karye. Wata akuya ta gitta a gabanmu. Direban yana ta gudu." Na ɗauki jan biro, na rasa inda zan ɗora shi, domin babu jimla ko ɗaya da ta saɓa wa ƙa'idar rubutu. Da na kira shi ofis, na rufe littafin na ce ya ba ni labarin da baki, sai ga shi ya ɗauko tun daga sallar asuba, ya kawo mu tasha, ya shigar da mu mota, ya sa direba gudu, ya fito da akuya, bai tsallake komai ba. Abin da ya faru shi ne, a kan takarda ya jera abubuwan bisa nauyinsu a zuciyarsa, shi ya sa asibiti ya zo farko, tun da shi ne ya fi tsaya masa a rai. Da baki kuwa fuskata tana gabansa, ya san idan ya ce "hannunsa" ba tare da ya ambaci mai hannun ba zan tsayar da shi in ce hannun wa. Takarda ba ta tsayar da kowa, saboda haka aikinki shi ne ki sa ɗalibi ya riƙa jin wannan tambayar ta mai sauraro ko da yana zaune shi kaɗai. Mai karatu bai hau motar ba, bai san komai ba sai abin da aka riga aka ba shi, don haka dole kowace jimla ta jingina da wani abu da ya riga ya sani, sannan ta ƙara masa wani sabo.

Hausa tana sa wa jimla alamomin da ke nuna abin da ta jingina da shi, kuma waɗannan alamomi su ne ƙa'idar da kike nema. Mu gwada da labarin da kowane ɗalibi ya sani, wato zuwan Bayajidda Daura da kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Ga jimloli shida a hargitse: "Sai ya zare wuƙarsa ya sare mata kai. Tsohuwar ta ce masa ba a samun ruwa a garin sai ranar Juma'a, saboda wata macijiya da ke cikin rijiya. Ko da ya zura gugan, macijiyar ta riƙe shi. Wata rana da dare wani baƙo ya sauka a gidan wata tsohuwa a Daura. Duk da haka ya karɓi guga ya nufi rijiyar. Ya roƙe ta ruwa don ya shayar da dokinsa."

Ko wanda bai taɓa jin labarin ba zai iya mayar da kowace jimla mazauninta, muddin ya san abin da zai duba. Abu na farko shi ne mafayyaci da madanganci. Bahaushe yakan shigo da sabon mutum ko sabon abu cikin zance da "wani", "wata" ko "waɗansu", ko kuma ya kawo sunan haka nan tsurarsa, amma da zarar mai sauraro ya san shi, sai a maƙala masa -n ko -r a ƙarshe. Saboda haka "wata tsohuwa" tana gaban "tsohuwar", "wata macijiya" tana gaban "macijiyar", "rijiya" tana gaban "rijiyar", "guga" yana gaban "gugan". Waɗannan tagwaye huɗu kaɗai sun riga sun jera jimloli huɗu: saukar baƙo, jawabin tsohuwa, karɓar guga, zura guga. Abu na biyu shi ne wakilin suna, wanda ba ya tsayawa sai da sunan da yake wakilta. Jimlar "ya roƙe ta ruwa" tana bukatar namiji da mace da aka ambata yanzun nan, don haka ba ta da wurin zama sai bayan saukar baƙon, kuma jawabin tsohuwar amsa ce ga roƙon, ba ya yiwuwa ya riga shi. Ita kuwa "ya sare mata kai", da za a ajiye ta kusa da jimlar tsohuwa, da an wayi gari Bayajidda ya kashe mai masaukinsa. Nakan karanta wa ɗalibai ita a haka da gangan, su yi dariya, daga ranar ba sa sake mantawa cewa wakilin suna yakan kama sunan da ya fi kusa da shi. Abu na uku shi ne mahaɗai. "Duk da haka" tana neman wani abin hani a bayanta wanda aka ƙi ji, a nan gargaɗin tsohuwa ke nan, kuma "ko da" tana buɗe ƙofar da "sai" take rufewa.

Alamar da ta fi waɗannan duka ƙarfi, wadda kuma aka fi sakaci da ita a aji, ita ce bambancin shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu, wato "sun tafi" da "suka tafi", "mun ga" da "muka ga", "an ce" da "aka ce". Sau da yawa ana koyar da su a matsayin jadawali biyu da za a haddace don jarrabawa, ba a gaya wa yara cewa a cikin labari aikinsu daban-daban ne. Na biyun, mai "suka" da "muka" da "aka", shi ne yake tafiyar da labari gaba, aiki bayan aiki kamar jerin gwano, kuma duk aikatau da ya zo da shi ana ɗaukar cewa ya faru ne bayan wanda ya gabace shi. Na ɗayan, mai "sun" da "mun" da "an", ko dai ya buɗe labari ya shimfiɗa masa tabarma, ko kuma, idan ya faɗo a tsakiya, ya waiwaya baya ya faɗi abin da ya riga ya auku. Ki dubi waɗannan biyun: "Suka isa garin, suka sauka a gidan hakimi, aka share musu ɗaki, suka kwanta", da kuma "Suka isa garin, suka sauka a gidan hakimi, an share musu ɗaki, suka kwanta." A ta farko baƙin suna tsaye da kayansu aka ɗauko tsintsiya. A ta biyu an san da zuwansu, sun tarar da ɗakin a share. Kalma ɗaya ce ta sauya, amma shara ta tashi daga bayan isowa ta koma gabanta.

Da wannan ma'aunin za ki ga cewa insha'in yaron nan ya tona asirin kansa. Jimlar da ya sa a farko ta fara da "muka", alhali "muka" ba ta buɗe labari haka kawai, domin ci gaban wani abu ce. Jimlar da ke da "mun" ita ce jagaba, ga ta can a ta uku tana jiran a kira ta. Da muka jera su tare, sai kuma wani abu ya bayyana: "direban" da "motar" duka suna ɗauke da madanganci, amma babu inda aka shigo da mota cikin zancen. Ashe akwai jimlar da ta ɓace, wadda ya faɗa da baki bai rubuta ba, wato "Muka je tasha muka shiga wata tsohuwar mota." Wannan yana yawan faruwa. Sau da dama sakin layin da ake gani a hargitse giɓi ne a cikinsa, kuma ba a ganin giɓin sai an jera abin da ke akwai.

Akwai matsala guda da ya kamata ki sani tun da wuri, wadda ta samo asali daga yadda muke rubuta Hausar boko. Daidaitaccen rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka "ya tafi" mai dogon wasali, ɗan'uwan "sun tafi", da "ya tafi" mai gajeren wasali, ɗan'uwan "suka tafi", kamanninsu ɗaya a kan takarda. Haka "ta", haka "na", haka "ka". Bambancin yana fitowa fili ne kawai a "kin" da "kika", "mun" da "muka", "kun" da "kuka", "sun" da "suka", "an" da "aka". Marubuci yana jin bambancin a kunnensa yayin da yake rubutu, sai ya ɗauka mai karatu ma zai ji, alhali kuwa bai bar masa wata shaida ba. Dabarar da nake koya wa ɗalibai ita ce gwajin jam'i: duk inda suka yi shakka a kan wani "ya" ko "ta", su mayar da mai aikin mutane da yawa su ji abin da bakinsu zai furta. Idan "suka" ta fito, jimlar tana cikin jerin, a bar ta a inda lokacinta ya kama. Idan "sun" ta fito, waiwaye ne, kuma tun da harafi ba zai nuna ba, wajibi ne a ƙara mata shaida kamar "tuni", "ya riga ya", "da ma" ko "tun kafin nan".

Sai dai ki gargaɗe su cewa ba kowace "suka" ba ce take cikin jerin. A wata ruwayar labarin Bayajidda an ce ya biya ta Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa wuƙar da ya yi amfani da ita. Idan marubuci ya ce "sai ya zare wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa ya sare mata kai", wannan "suka" ɗin kalmar "da" ce ta jawo ta, ba ta nufin an yi ƙirar a bakin rijiya. Haka take fitowa bayan kalmomin tambaya, kamar "yaushe suka zo", da bayan ƙarfafawa, kamar "su ne suka zo". Wannan ginin ma hanya ce mai kyau ta shigo da tsohon bayani ba tare da an tsayar da labari ba, domin ya fi a ce ana tsakiyar kokawa da macijiya a dakata a tafi Gaya da cikakkiyar jimla sannan a dawo.

Batun waiwaye ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a nan ne umarnin "ku bi daga farko zuwa ƙarshe" yake gazawa. Abubuwa ba sa faruwa ɗaya bayan ɗaya a wuri guda, ana yin wani abu a nan ana yin wani a can, ita kuwa takarda layi ɗaya gare ta. Mu ɗauki faɗuwar Kano a hannun Turawa. Rundunarsu ta tashi daga Zariya a ƙarshen watan Janairu na 1903, ta fasa Bebeji a kan hanya, ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sarkin Kano Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa tun kafin rundunar ta taso. A kan hanyarsu ta dawowa labari ya iske su, Sarki ya rabu da jama'arsa, Waziri Ahmadu ya ci gaba da wani ɓangare har aka kashe shi a artabun Kwatarkwashi, Wambai Abbas kuma ya komo Kano da sauran, aka naɗa shi Sarki. Shi Alu daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

A nan marubuci yana da hanya biyu, kuma duka daidai ne. Yana iya bin kalanda, ya fara da tafiyar Alu Sakkwato, sannan tasowar Turawa, sannan faɗuwar birni. Yana kuma iya bin rundunar tun daga Zariya har ƙofar gari, sannan ya waiwaya ya ce "Sarki Alu kuwa tuni ya tafi Sakkwato", kamar yadda na yi a sama. Ni na fi son ta biyun a wannan labarin, domin daidai lokacin da aka shiga birni ne mai karatu zai tambayi kansa ina Sarki, kuma bayani ya fi amfani a inda ake jin ƙishinsa. Abin da ba ya halatta shi ne a waiwaya ba tare da alama ba. Da ɗalibi zai rubuta "Turawa suka shiga Kano, Sarki da mayaƙansa suka tafi Sakkwato", da ya yi wa tarihi ƙarya da nahawu kawai, domin jerin "suka" biyun yana cewa shigowar Turawa ce ta kore su, alhali ba su ma san an shiga ba sai a hanyar dawowa. Ki lura kuma da aikin "kuwa" a jimlar waiwayen: ita ce take juya fuskar mai karatu daga wani mutum zuwa wani, ko daga wani wuri zuwa wani, kuma duk jimlar da ke ɗauke da "shi kuwa" ko "ita kuwa" ba za ta taɓa zama ta farko ba.

"Kafin" da "bayan" suna ba da damar juya abubuwa biyu a cikin jimla guda, kamar "kafin su iso an ci garin", inda aka fara ambaton isowa alhali ita ce ta ƙarshe, kuma yara ba sa shan wahala da su. Wadda ta fi bukatar kulawa ita ce "ashe". Mazauninta bayan mamaki ne, domin ita ce take bayyana abin da yake ɓoye tun da farko. Ɗalibin da ya ce "ashe ɓarawo ne" kafin ya nuna mana mutumin yana sallama da fara'a yana neman masauki, ya zubar da labarinsa da hannunsa. Haka "ana cikin haka" da "ana nan" suke bukatar wani hali mai ci da aka riga aka shimfiɗa, wanda sabon abu zai faɗo cikinsa, kamar yadda "direban yana ta gudu" ta zama shimfiɗar "sai wata akuya ta gitta".

Akwai kuma jimlolin da ba su da gurbi a jerin lokaci ko kaɗan, su ne masu siffantawa, kamar "rijiyar tana da zurfi" ko "tsohuwar ba ta gani sosai". Ɗalibai sukan tara su duka a farkon sakin layi ko su zubar da su a ƙarshe bayan labari ya ƙare. Wurinsu shi ne inda idon mai labarin ya kai kan abin, ko kuma gab da inda siffar za ta yi aiki. Zurfin rijiya a faɗe shi sa'ad da aka leƙa ta, raunin idon tsohuwa a faɗe shi kafin ta kasa gane baƙonta, idan aka kawo shi daga baya sai ya zama kamar uzuri da marubuci ya tuno.

Ki yi hattara da "sai" da "daga nan". Da zarar yara sun ji cewa mahaɗai suna nuna jeri, sai su bi kowace jimla su liƙa mata ɗaya a goshi, ki sami sakin layi mai "sai" takwas wanda har yanzu a hargitse yake. Jerin "suka" da kansa yana ɗauke da ma'anar bi da bi, ba ya bukatar taimako a kowane mataki, kuma "sai" ta fi ƙarfi idan an adana ta don inda labari ya juya. Wata al'adar kuma daga rediyo da jarida suke ɗauko ta, inda ake fara labari da sakamakonsa, a ce mutum kaza sun jikkata a haɗarin mota, sannan a koma a faɗi yadda aka yi. Wannan tsari ne mai dalilinsa, domin mai sauraron labaran duniya yana iya tashi bayan jimlar farko, amma insha'in labari irin wanda za su tarar a jarrabawar WAEC ko NECO ana rubuta shi ne don wanda zai karanta har ƙarshe. Kyau ki nuna musu nau'o'in biyu gefe da gefe a kan allo da labari guda, su ga cewa ko ɗan jaridar da "an" ko "sun" yake buɗewa, sai ya koma farkon al'amarin sannan yake kama "aka" da "suka".

Game da aikin aji, abin da na ga ya fi tasiri shi ne almakashi. Ki rubuta sakin layi mai jimla shida ko bakwai, ki yanka kowace jimla a ƙyallen takarda daban, ki raba wa ƙungiyoyin mutum huɗu-huɗu su jera a kan tebur, da sharaɗin cewa duk ƙyallen da suka ajiye sai sun nuna kalmar da ta sa suka ajiye shi a nan. Amsar "haka ya fi daɗi" ba ta karɓuwa, sai an ce ga "gugan", ga "duk da haka", ga "mun". Ki fara da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko wani labari da suka sani, sannan ki koma wanda ba su taɓa ji ba, domin a nan ne za ki gane ko alamomin suke karantawa ko hadda ce take yi musu aiki. Bayan mako biyu ko uku sai ki sa kowa ya yanka insha'insa na kansa ya miƙa wa maƙwabcinsa ya jera. Duk inda maƙwabcin ya jera saɓanin yadda mai shi ya nufa, to a nan ne alama ta yi ƙaranci ko jimla ta ɓace, sai mai insha'in ya gyara wurin da hannunsa.

Idan kuma za ki sa irin wannan tambaya a gwaji, ki fara ba wata malama 'yar'uwarki ta jera kafin ki kai wa yara. Idan ta fito da jeri daban da naki kuma nata bai karya wata alama ba, ko dai ki ƙara wa jimlolin shaida har hanya ta zama ɗaya, ko ki shirya karɓar amsa biyu. Yaron da ya sa tafiyar Alu Sakkwato a farko da wanda ya kawo ta a waiwaye da "tuni" duka sun cancanci cikakken maki, wanda za a rage wa shi ne wanda ya kawo ta bayan faɗuwar birni da "suka".